Shuɗin Jirgin Malam Uzairu

A gefen dam ɗin Tiga, ta wajen Rurum, akwai wani ɗan mashigi da muke kira Mashigin Ɗorawa. Ba wani babban wuri ba ne. Ɗorawa ce guda ɗaya, da wani shimfiɗaɗɗen dutse da mata suke wanki a kai, sai jirage bakwai. Shida kwalekwale ne na katako, na masunta. Na bakwai na Malam Uzairu ne, kuma shi kaɗai ne ba na katako ba. Na faiba ne, ko da yake tsofaffi jirgin roba suke ce masa. Da shi Malam Uzairu yake ƙetarar da mutane zuwa tsallake, inda rugagen Fulani suke da gonakin wasu mutanen gari, ya kuma dawo da su. Ba shi da wata sana'a bayan wannan, sai 'yar gonar da hatsinta ba ya kai su ƙarshen shekara.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo jirgin daga kudu a bayan babbar mota. Waɗanda suka ga ranar sun ce shuɗi ne mai duhu, kamar zanen da aka tsamo daga marina, yana ƙyalli har mutum yana ganin haƙoransa a jiki. Mutumin da ya sayar da shi ya ce wa Malam Uzairu, "Wannan ba ya ruɓewa, ba ya son kwalta, ba ya son komai." Malam Uzairu kuwa mutum ne mai riƙe magana yadda aka ba shi. Tun da an ce ba ya son komai, bai taɓa yi masa komai ba. Masunta suna jan nasu inuwa, suna toshe tsaga da tsumma da kwalta, shi nasa yana rana shekara da shekaru. A hankali shuɗin ya yi ta koɗewa. Babu wanda zai ce ga ranar da ya tafi. An dai wayi gari jirgin ya yi furu-furu, kamar ƙafar da ta daɗe ba ta ga mai ba.

A mashigin nan akwai wata al'ada. Kowace shekara idan zafi ya kusa ƙarewa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Sarkin Ruwa Isiyaku yakan fito ya duba jirage kafin ruwa ya ƙaru. Tsoho ne siriri mai farin gemu, kuma aminin marigayi Ramalan ne, mahaifin Malam Uzairu. Dubawarsa ba ta da takarda. Yakan shafa jikin jirgi da tafin hannu, ciki da baya. Idan bai gamsu ba sai ya zaro wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya soka tsininta a katakon. In ta tsaya, katako na da rai. In ta nutse, ya mutu. Jirgin da ya yarda da shi, shi yake fara shiga, a kai shi tsallake a dawo da shi. Wanda bai shiga ba kuwa, ko kyauta aka ce, babu mai sa ƙafa.

A shekarun baya jirgin Malam Uzairu yana cikin ruwa ake duba shi, jikinsa a jiƙe. Bana sai injin ya lalace aka kai shi gyara Rano, jirgin ya yi kwana goma a kife a kan tudu rana tana dukansa. An dawo da injin ranar Alhamis, ranar Juma'a da safe Sarkin Ruwa ya fito.

Ya gama da kwalekwale shida, ya sa a ƙara wa ɗaya kwalta, sannan ya zo kan na bakwai. Ya yi bisimilla ya shafa. Da ya ɗago hannun sai ya tsaya yana kallonsa. Tafin ya yi fari fat, kamar ya dafa buhun fulawa. Ya goge a riga, ya matsa gaba ya sake shafawa. Haka dai.

"Uzairu."

"Na'am, Baba."

"Zo ka gani."

Malam Uzairu ya matso ya durƙusa. Tsohon ya buɗe masa hannun a gaban fuska.

"Ka san abin da gari yake nufi a jikin jirgi?"

"Na sani, Baba."

"Ƙwaro ya ci shi daga ciki. Waje lafiya lau, ciki fanko. Haka yake yi."

"Baba, ai wannan ba katako ba ne."

"To mene ne?"

Malam Uzairu ya dubi jirgin. Gaskiyar magana, shekara goma sha ɗaya yana cikin jirgin nan amma bai san da me aka yi shi ba. Kuma shi ba mai ja da manya ba ne. Ko a gida, in magana ta yi tsawo, tashi yake ya je ya duba awaki.

Sarkin Ruwa ya ce, "Shekarar da aka haifi Sa'adiya tawa, na ga gari irin wannan a kwalekwalen Alu masunci. Ya roƙe ni, na ji kunyarsa, na shiga. Bai yi sati uku ba ya buɗe a tsakiyar ruwa da mutum uku a ciki. Biyu muka tsamo da rai." Ya kakkaɓe hannunsa. "Tun ranar na daina jin kunyar kowa a kan ruwa, ko da ɗan Ramalan ne. Na ba ka zuwa Juma'a mai zuwa. In na shafa na ga gari, a ja shi gida a riƙa zuba wa awaki dusa a ciki. Kafin nan, kada ka ɗauki kowa."

Da tsohon ya tafi, Jabiru masunci, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya zo ya shafa jirgin shi ma, ya goga garin a gemunsa.

"Jirgin da ba ya son komai! Ashe furfura yake tarawa. Malam Uzairu, ku gaisa da sa'an babanka."

Aka yi dariya. Malam Uzairu ma ya ɗan yi murmushi, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

Washegari rana ta take tsaka sai ga Inna Maimuna da mata huɗu a bayanta, kowacce da ƙwaryar nono a ka. Ita ce babba a cikin masu tallan nono na tsallake, kuma ita ce takan fara shiga jirgi kowace safiya, ta zauna a gaba kamar da kuɗinta aka saye shi. Yau da ƙafa suka zagayo, ta bayan duwatsu. Ta sauke ƙwaryar a gindin ɗorawa ta zauna tana haki.

"Kai Kaɗo! Tun asuba muke tsaye muna kaɗa maka zane."

"Inna, an hana ni ne."

"Mun ji, ai labari ya riga ka ƙetarewa. Dubi ƙafata. Dubi nonon nan." Ta ɗaga faifan ta mayar. "Ya yi tsamin da ko surukata ba zan ba wa ba."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya ɗaukar ƙwarya." Ta sha ruwa, ta rage murya. "Wani Murtala na mashigin sama ya aiko ruga jiya. Wai in jirginka ya mutu, zai sauko da nasa, babba ne, na katako, da inji. Matan nan har sun fara lissafin inda za su zauna. Ni na ce a jira Juma'a. Shekara goma sha ɗaya ko ludayi ɗaya ban zubar a jirginka ba. Amma in Juma'a ta wuce, ƙafata ba za ta jira ka ba."

Malam Uzairu ya ce ya gode. Ya san in Murtala ya shigo, ya shigo ke nan.

Da yamma ya ba matarsa Lami labari. Lami 'yar Kibiya ce, gajeriya mai saurin hannu, kuma duk unguwar an san ta da abu ɗaya: tukwanenta. In ta wanke su ta jera a rana, mai wucewa sai ya kare ido. Tana tankaɗe tana saurarensa.

"To yanzu ya za a yi, Malam?"

"Jabiru ya ce in shafa masa baƙin mai."

"A ruwan da muke wanki, shanu suke sha?"

"Abin da na ce masa ke nan." Ya juya yana kallon galan ɗin man gyaɗar da ke gefen murhu. "Lami, man nan naki..."

"Na miyar sati ne."

"Rabi kawai."

Ta dube shi, ta dubi galan ɗin, ta tura masa da ƙafa.

Ranar Lahadi da safe ya shafe jirgin da man gyaɗa tun daga kai har gindi. Abin mamaki, shuɗin ya ɗan dawo, jirgin ya yi ƙyalli. Ya ja da baya yana kallo, ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake kallo. Ranar har tuwo ya ƙara. Amma da gari ya waye ya dawo, sai ya tarar da kiyashi sun yi layi tun daga gindin ɗorawa har kan jirgin, yashi ya manne ko'ina, ga wata akuya ta miƙe da ƙafa biyu tana lasa. Ya kore ta, ya shafa hannu. Garin yana nan, sai dai yanzu ya zama kamar ƙullu. Ya ɗebo ruwa da sabulu ya wanke man tas, ya ɗauki fartanya ya tafi sharar gona.

Da hantsi Lami ta sauko dutsen wanki da tukwanenta, da ƙullin toka, da soso. Ta gama na farko, ta gama na biyu, duk idonta yana kan jirgin. A saninta, babu abin da zai dushe a duniya toka da rairayi su kasa tashinsa. Ta taɓa tashin tukunyar da ta shekara a kan murhu, ta taɓa tashin tiren da aka ce a yar. Ta duba hagu da dama, masunta duk suna kan ruwa. Sai ta ɗebi rairayi ta haɗa da toka, ta jiƙa soson, ta zaɓi wani wuri kusa da kan jirgin ta fara dirza.

Farin ruwa ya fara gangarowa. Ta ƙara ƙarfi, yadda take yi wa gindin tukunya. Ruwan ya koma shuɗi-shuɗi. Ta ji daɗi ta ƙara dannawa. Da ta watsa ruwa ta ɗauraye, sai ta saki soson. Wurin, kamar faɗin faifai, ya yi shuɗi mai duhu, amma duk ya karce kamar kaji sun yi tono a kai. A tsakiya kuma, inda ta fi dannawa, shuɗin ma ya tafi, wani abu fari mai kama da zare yana leƙowa daga ƙasa.

Ta ce, "Innalillahi."

Ta ɗauki jiƙaƙƙen zane ta rufe wurin, ta zauna a gefe. Tukunya uku suka rage, ba ta taɓa su ba har Malam Uzairu ya biyo ta nan daga gona.

"Lafiya kika shanya zane a kan jirgi?"

"Malam, na yi ɓarna."

Ya ɗaga zanen. Ya daɗe yana kallo. Lami tana jira ya yi faɗa, ko da yake ba ta taɓa jin yadda faɗansa yake ba. Ya durƙusa, ya shafa wurin da tafin hannu, ya duba hannun. Ya jira iska ta busar da shi, ya sake shafawa, ya sake dubawa. Sannan ya danna da babban yatsa iya ƙarfinsa.

"Lami, ashe yana nan."

"Me?"

"Shuɗin. Bai je ko'ina ba, yana ƙasa." Ya nuna mata hannun. "Kin gani? Babu gari. Da ƙwaro ne, da kina tonawa gari yana ƙaruwa. Wannan a waje ya tsaya. Cikin da ƙarfinsa, taɓa ki ji."

Ta taɓa. Sai ta miƙe ta ɗaura zanenta da kyau. "To bari in ƙaro toka in dirje shi duka."

"A'a! A'a, tsaya." Ya riƙe soson. "Dubi tsakiyar nan. Saura kaɗan ki fita ta ɗaya gefen."

Ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton wurin. Ya tuna kusa da inda aka gyara masa inji a Rano akwai wani mai fentin mota, Zailani, wanda ya gani yana goge wata tsohuwar mota har ta dawo kamar sabuwa.

Talata da sassafe ya hau babur ɗin haya zuwa Rano. Ya tarar da Zailani yana shan shayi a kan wata taya, hannuwansa duk kala-kala. Suka gaisa, ya miƙa masa wayar. Zailani ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Subhanallahi! Wa ya yi wannan? Kura ce?"

"Mai ɗakina ce."

"Da me?"

"Toka da rairayi."

Zailani ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Hajiya ta ɗauka tukunyar biki ce! Kai, Allah ya bar mana matanmu." Ya goge ido. "Amma ka san wani abu, Malam? Hanyar da ta bi daidai ce. Yashinta ne ya yi girma."

Ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce jirgin faiba yana da wata fata a waje, ita ce mai kalar, kaurinta bai fi na ɓawon ƙwai ba. Rana ce take ƙona saman fatar ya zama gari, kamar yadda take yi wa rufin mota. Babu ruwan ƙwaro da shi. Abin da ake yi shi ne a cire iya abin da ya ƙone, a tsaya.

"Ba za a yi masa fenti ba kawai a huta?" in ji Malam Uzairu.

"Irin fentin da nake da shi, damina ɗaya zai yi a ruwa ya fara saɓulewa. Kuma tsohon naku in ya ga fenti, me zai ce?"

Malam Uzairu ya yi tunani. "Zai ce na rufe ne."

"To ka gani."

Ya kawo masa sanfefa, wato takardar yashi, mai laushin gaske, wadda in ka shafa sai ka rantse takarda ce kawai. Ya ce da ruwa ake amfani da ita, kuma ba a dannawa. Ya ɗebo wani farin mai mai kauri a gwangwanin madara, ya ce shi ma yashi ne, amma wanda ido ba ya gani, da tsumma ake murza shi. Sai folish na ƙarshe, wanda zai tsare rana. Ya ƙara da wani ɗan ruwa mai danƙo a ƙaramar kwalba da abin haɗa shi, na toshe wurin da Lami ta ƙwaƙule.

"Wannan wurin tabo zai zauna, ba yadda za a yi. Sauran kuwa, a inuwa za ku yi. Ku ɗauki wuri kamar faɗin faifai, ku gama, ku matsa. Da shuɗi ya fito ku tsaya, ko da hannu yana ƙaiƙayi. Kuma ka gaya wa Hajiya na gaishe ta, in ta gaji da tukwane ta zo ina neman ma'aikata."

Da la'asar masunta suka taimaka aka ɗauki jirgin aka kife shi a gindin ɗorawa. Malam Uzairu ya toshe tabon tukuna, yadda aka gaya masa. Laraba tun da sanyin safiya suka fara, shi a ɗaya gefen, Lami a ɗaya, bokitin ruwa a tsakaninsu.

Aiki ne marar hayaniya. Sai ƙarar sanfefa a jiƙe, shuu, shuu, da ɗigar farin ruwa a kan ganye. A wanke, a goge, a ɗebi farin man a kan tsumma a yi ta murzawa zagaye-zagaye har hannu ya ji wurin ya yi santsi. Sai a sa busasshen tsumma. A nan ne shuɗin yake fitowa, kuma kowane karo sai sun ɗan tsaya sun kalle shi.

Ba a jima ba aka gane hannun Lami ya fi. Malam Uzairu ya saba da gora da igiyar inji, hannunsa da nauyi.

"Malam, kana dannawa."

"Ban danna ba."

"Ina jin ƙarar daga nan. Sassauta, kamar kana shafa wa jariri mai."

"Ke da kika kusa huda shi?"

"Ai shi ya sa na sani."

Jabiru ya dawo daga kan ruwa, ya tsaya da kifinsa a hannu. "Ikon Allah. Amarya ake wa lalle? Yaushe ne kamu?" Sai ya matso ya leƙa gefen Lami, ya ga inuwar fuskarsa. Ya gyara hularsa a ciki, ya wuce.

Ranar suka yi rabi. Kafaɗar Malam Uzairu ta riƙe, yatsun Lami suka yi yaushi saboda ruwa. Alhamis suka ƙarasa bayan, aka juya shi suka bi bakin da cikin, wuraren zama, har ƙarƙashin inda ake ɗaura inji, domin Lami ta ce ta san tsohon nan, inda ba a zata ba nan zai kai hannu. Da yamma suka shafa folish, suka jira ya yi hazo-hazo, suka goge. Hadari ya taso daga gabas ya yi ta ruri, sannan ya watse bai zubar ba. Jirgin bai koma kamar ranar da aka kawo shi ba. A wasu wuraren shuɗin ya fi haske, kuma tabon yana nan kusa da kai, ana hango shi daga nesa. Aka sake kife shi, Lami ta rufe shi da tsofaffin tabarmi.

Juma'a da hantsi mashigin ya cika fiye da yadda ya saba. Mata sun zo wanki da kayan da ba su yi datti ba. A tsallake ana hango mutane tsaye da ƙore a gabansu. Sarkin Ruwa ya iso da sandarsa, aka yaye tabarmi. Wasu suka yi kabbara. Shi kuwa ƙyalli bai dame shi ba.

Ya yi bisimilla ya shafa. Ya duba hannu. Ya matsa ya shafa, ya duba. Ya bi gefe ɗaya har ƙarshe, ya dawo ta ɗaya. Ya sa aka ɗaga masa gindin, ya zura hannu ƙarƙashin mazaunin inji. Lami, daga kan dutse, ta dubi mijinta. Tsohon ya fito da hannun ya shafa a baƙar hularsa, ya cire hular ya duba. Babu komai.

Sai ya zo kan tabon. Ya tsaya. Ya bi shi da yatsa, ya karkata kai. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wuƙar.

"Baba."

Tsohon bai waiwayo ba.

"Baba, don Allah kada ka soka."

Tun da ake duba jirage a mashigin nan, babu wanda ya taɓa tsayar da wuƙar nan. Malam Uzairu kansa ya ji muryar kamar ba tasa ba. Yana durƙushe a gefen jirgin.

"Akwai abin da kake ɓoyewa a nan ne, Uzairu?"

"Babu, Baba. Wallahi babu. Fatarsa ce siririya, kamar ɓawon ƙwai. In ka soka, ko lafiyarsa ƙalau sai ta tsage, ruwa ya sami hanya. Katako yana haɗe bakinsa in ya sha ruwa. Wannan ba ya haɗewa."

"To da me zan san cikinsa? Da ƙyalli?"

Malam Uzairu ya ce, "Babana ya ce kafin ka fara riƙe wuƙa, da kunne kake gane jirgi. Ya ce ko an rufe maka ido, in ka ƙwanƙwasa sai ka faɗi inda fanko yake."

Sarkin Ruwa ya dube shi, dubawa mai tsawo. "Ramalan ne ya gaya maka haka?"

"Shi ne, Baba."

"Ya cika surutu, Allah ya jiƙansa."

Ya juya wuƙar a hannunsa, tsinin ya koma cikin tafinsa, ƙotar ƙahon tana waje. Ya ce kowa ya yi shiru, har masu wanki. Ya koma can gindin jirgin, ya kara kunne, ya fara ƙwanƙwasawa. Ƙwas. Ƙwas. Ya matsa kamar taƙi ɗaya na hannu. Ƙwas. Haka ya yi ta bi, layi-layi, bai tsallake ko'ina ba. Ya daɗe ƙwarai, har inuwar ɗorawa ta janye daga kan ƙafafun mutane. Da ya iso tabon ya buga sau uku, ya buga gefensa, ya dawo ya sake bugawa. Ƙarar ɗaya ce.

Ya miƙe yana dafa ƙugu, ya nuna tabon. "Wa ya yi wannan aikin?"

Malam Uzairu zai yi magana, Lami ta riga shi daga kan dutse. "Ni ce, Baba."

"Da me?"

"Da toka da rairayi."

"Kamar tukunya?"

"Kamar tukunya, Baba."

Dariya ta ɓarke, har da tsohon, ko da yake ya yi ƙoƙarin ɓoye tasa a gemu. "'Yar Kibiya, kada ki kuskura ki zo kusa da kwalekwalena." Ya mayar da wuƙar aljihu. "A juya shi. A sa shi a ruwa."

Aka tura jirgin, aka ɗaura inji. Sarkin Ruwa ya tsaya a bakin ruwa yana kallon cikin jirgin, ko zai ga danshi. Ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya miƙa wa Jabiru sandarsa, ya tuɓe takalmansa, ya tattare riga, ya sa ƙafar dama.

Malam Uzairu ya ja igiya sau biyu injin ya tashi. Suka bar gaɓa a hankali. Da suka kai tsakiyar ruwa, sai tsohon ya miƙa hannu ya shafa bakin jirgin inda rana ta busar, ya duba tafinsa.

"Uzairu."

"Na'am, Baba."

"Daga yau in ba ya kan ruwa, yana inuwa. Babu abin da ba ya son komai."

"To, Baba."

A tsallake Inna Maimuna ta daina kaɗa zane. Ta riga ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta shigo ruwa har idon sawu, tana daka wa sauran matan tsawa su bar mata wurinta na gaba.